Kiyashi sun cika buhun sukarin da nake haɗa zoɓo: in zubar ko in yi amfani da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar zoɓo da kunun aya da lemon citta a gida, nan Mabera cikin Sakkwato. Na sayi buhun sukari mai kilo 50 don in huta da sayen tiya-tiya, na jingine shi a sito kusa da buhun gero da na aya. Yau na buɗe sai na tarar kiyashi sun cika shi, har da wasu 'yan ƙwari masu ruwan ƙasa, kuma gindin buhun ya dunƙule. Maƙwabciyata ta ce in fesa fiya-fiya a jikin buhun. Mi ya kamata in yi? Kuma yaya zan adana dabino da zuma da mazarƙwaila kada su ma su lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ki ajiye maganar fiya-fiya a gefe. Sukarin da kiyashi suka shiga yana gyaruwa cikin yini ɗaya, amma wanda fiya-fiya ta taɓa ba ya gyaruwa. Sinadarin da ke cikinta, wato dikolobos, shi ne dai na cikin Sniper, kuma tururi yake yi ya ratsa saƙar buhu ya zauna a cikin abinci. Tankaɗe ba ya fitar da shi, kuma bai kamata ki dogara da tafasa ba. Jijiyoyi yake kamawa: dalalar yawu, amai, zufa, ƙanƙancewar ƙwayar ido, ɗaukewar numfashi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan amfani da shi a kayan abinci. Ƙwayar Phostoxin da ake jefawa a buhun wake ita ma ba ta da wuri a sito na cikin gida, domin da ta ji danshi take sakin iska mai guba, kuma ta sha kashe mutane suna barci a ɗaki ɗaya da buhu. Yawancin masu sayen zoɓonki yara ne, jikinsu ƙarami, abin da babba zai sha ya yi ciwon kai shi zai kwantar da yaro.

Yanzu ga sukarin. Farin sukari busasshe ba ya ruɓewa, ƙwaro kuma ba ya hayayyafa a cikinsa. Ruwan da ke jikinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, ba shi da mai, ba shi da sinadarin gina jiki da tsutsa za ta rayu a kai. Ƙwayar cuta ma idan ta faɗa ciki, sukarin ne ke zuƙe ruwan jikinta. Saboda haka duk abin da kika gani a buhun nan baƙo ne, daga wani wuri ya zo, kuma sanin ko wane baƙo ne shi zai gaya miki abin yi.

Kiyashi masu ɗiba ne su kai gida. Gidansu yana cikin tsagar siminti ko ƙarƙashin dandamali, ba cikin buhu ba. Su ne mafi sauƙi.

'Yan ƙwarin nan masu ruwan ƙasa, siri-siri, tsawonsu milimita 2 zuwa 3, daga gero da ayar da kika jingina kusa suka tsallako. Can suke ƙwai, can tsutsarsu ke ci. Ki zura hannu can ƙasan buhun geron ki ɗebo, za ki ga gari-gari da ƙwayoyin da aka huda. Idan kika gyara sukari kika bar geron nan a gefensa, bayan mako biyu za ki sake ganinsu. Ki duba busasshen zoɓo da tsamiya ma. Ƙwallon tsamiya musamman yana da nasa ƙwaron da ke huda shi, kuma shi ne dai ke cin gyaɗa a sito, don haka mai ajiyar tsamiya ta cire ƙwallayen tun farko, kada kuma ta haɗa ta wuri ɗaya da gyaɗa.

Akwai wasu kuma 'yan mitsi-mitsi farare, kamar ƙwarƙwatar kaji, da sai kin ƙura ido kike ganin motsinsu a jikin leda. Waɗannan fumfuna suke ci, ganinsu alama ce sito ya yi laima.

Wanda ba a yi masa sassauci shi ne ɓera. Ki juya buhun ki duba ko'ina: huda mai bakin gwaigwaya, kashi baƙi kamar ƙwayar shinkafa, tabon rawaya mai zarni. Ta fitsari da kashin ɓera ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Barno a 1969. Haɗarin ba a sha kaɗai yake ba, yana wurin mai tankaɗewa tana shaƙar ƙurar. Buhun da ɓera ya yi wa fitsari, ki zubar da duk sashen da ya jiƙe da kewayensa mai yawa, in kuma ba ki iya gane iyakarsa ba, ki haƙura da shi gaba ɗaya. Haka idan kyankyasai suka mayar da cikinsa gida, kika ga kashinsu kamar garin masoro da kwanson ƙwansu, ga warin nan nasu. Kyankyaso daga makewayi da kwata yake fitowa, warinsa kuma ba ya barin abin sha.

Idan kiyashi da ƙwarin hatsi ne kawai, ga yadda za ki yi. Ki fitar da buhun tsakar gida da hantsi, ranar da ba iska da ƙura. Ki riƙa ɗiba kina shimfiɗawa a manyan farantai, kaurin bai wuce gaɓar yatsa ba. Ki ɗora farantan kan benci, ki ɗan bubbuga gefensu. Ranar Sakkwato ba ta buƙatar taimako, cikin minti 15 zuwa 30 kiyashin za su watse da kansu. Kada ki bar shi ya yini, ƙudan zuma da rina za su gane wurin, kuma in sun gane ba sa mantawa. Daga nan ki tankaɗe da rariyar da idonta zai bar sukari ya wuce ya tare ƙwaro, irin ta ƙarfe ta tatar shayi ko wadda ta ɗan fi ta faɗin ido. Rariyar tankaɗen garin tuwo mai laushi ba za ta yi ba, sukarin ba zai sauka ba. Sai ki mayar da shi inuwa ya huce sarai kafin ki rufe. Sukari mai zafi idan aka toshe shi a roba, murfin zai yi gumi da dare, gumin ya ɗiga ya dunƙule samansa.

Ke da abin sha kike haɗawa, kin fi mai shayi sa'a, domin ba dole ba ne sukarin ya koma gari. Wanda ya dunƙule a gindin buhu da wanda matattun kiyashi suka yi wa yawa, ki mayar da shi ruwan sukari. Kilo 1 na sukari, ruwa rabin lita, wato ledar fiya wata ɗaya. Ki ɗora a tukunya mai tsabta kina juyawa har ya narke, ya tafasa minti 3 zuwa 5. Kiyashi da datti za su taso sama tare da kumfa, ki kwashe da ludayi. Ki matse rabin lemon tsami a ciki, shi zai hana ya sake daskarewa ya koma ƙwaya. Ki tace da farin ƙyalle ninki biyu tun yana da zafi, don in ya huce kauri yake yi ya ƙi bin ƙyalle. Za ki samu lita ɗaya da ɗan ɗoriya. Wani abin daɗi kuma, awonki ba zai canza ba: kofi ɗaya na wannan ruwan kusan daidai yake da kofi ɗaya na sukarin gari wajen zaƙi. Kada ki ƙara ruwa don ya yi auki. Kaurin nan na biyu bisa ɗaya, wato sukari biyu ruwa ɗaya, shi ne ke tsare shi. In kika yi ɗaya bisa ɗaya, a zafin bazara zai fara kumfa cikin 'yan kwanaki. Ki dafa abin da za ki ƙarar a mako ɗaya zuwa biyu, ki zuba a mazubi busasshe mai murfi, ki riƙa goge bakinsa duk lokacin da kika tsiyaya.

Wannan batu na kauri ya kamata duk mai sana'ar kayan zaƙi ta riƙe shi, domin kusan duk asarar da ake yi daga nan take. Sukari idan ya yi yawa ruwa ya yi kaɗan, maganin lalacewa ne. Idan ruwa ya rinjaye shi, abinci ne ga yis da ƙwayoyin cuta. Zoɓon sayarwa yakan ɗauki kamar kilo 1 a lita 10, kuma wannan shi ne daidai abin da yis ke so. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, zoɓon da aka sa wa sukari da safe aka bari a waje, kafin dare ya fara sauya ɗanɗano. Yis yana cin sukarin yana fitar da iska da barasa. Shi ya sa gora ke kumbura, gindinta ya turo, ki buɗe ta yi "fus". Wanda ya kai haka ba na sayarwa ba ne, ba kuma na sha ba. Kunun aya ya fi sauri, sa'o'i kaɗan ne in ba sanyi, saboda ba shi da tsamin da ke ɗan kare zoɓo, ga shi ba a dafa shi. Dabarar ita ce ki dafa zoɓo ki tace ki ajiye shi ba sukari, sai lokacin ɗurawa ki sa. Kunun aya kuwa daga tata sai gora, daga gora sai ƙanƙara, ki yi daidai abin da zai ƙare a ranar.

Masu kawo miki yis ɗin su ne 'yan ƙananan ƙudajen nan masu jan ido da ke shawagi kan ɓawon abarba da tukar zoɓo da dusar aya. Daga ƙwai zuwa ƙuda kwana 8 zuwa 10 ne kacal, don haka bokitin tuka guda da aka bari bayan ƙofa ya isa ya cika miki kicin. Ki fitar da tuka a ranar, ki rufe tukunyar da ke hucewa da ƙyalle ki ɗaure bakinta. Gorunan da ake sake amfani da su kuma, dattin yana zaune a zaren murfi. Ki wanke da sabulu da ɗan buroshi, ki ɗauraye, sannan ki jiƙa su da murafensu minti 2 a ruwan da aka sa ƙaramin cokalin shayi ɗaya na Hypo ko Jik a kowace lita, ki kife su su tsane.

Sai ajiyar sukarin da ya tsira. Kuskuren farko shi ne barinsa a buhunsa. Buhun nan na ɗauko kaya ne daga kamfani zuwa kasuwa. Da an farke ɗinkinsa ya gama aikinsa. Kilo 50 yana cin wurin kusan lita 60, wato bokiti uku masu lita 20, irin masu murfin da ke kamawa ƙam sai an ɓamɓare. Jarka mai lita 25 ma tana yi, tana ɗaukar kamar kilo 21, a ɗura da mazurari, kuma bakinta ƙarami ne, kiyashi ba su da hanya. Sharaɗi dai ta zama ta abinci ce, an wanke ta ta bushe ƙarau. Wadda aka taɓa zuba fetur ko kalanzir ko maganin feshin gona, ko bokitin da fenti ya zauna, ba wankin da zai halatta su. Ki sa leda mai kauri a cikin bokitin, ki zuba sukari, ki matse iska ki murɗe bakin ki ɗaure, sannan murfi. Gwajin murfi mai sauƙi ne: tun kafin ki busar da bokitin, ki zuba ruwa ki rufe ki kife shi. Inda ruwa ya ɗiga, kiyashi zai shiga.

Amfanin rabawa uku shi ne guda ɗaya kike buɗewa, biyu suna rufe. Ki kuma ware ƙaramar roba ta aikin yini, da kofin awo busasshe da ke zaune a cikinta. Ludayin da ya fito daga zoɓo ya koma cikin sukari, shi ne farkon dunƙulewa, shi ne kuma ƙamshin da ke kiran kiyashi.

Dunƙulewar gindin buhunki daga ƙasa ta zo. Siminti yana tsotsar laima, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Sukari yakan fara shan ruwa daga iska idan danshi ya kai wajen kashi 85 cikin 100, abin da safiyar Agusta ke kaiwa ko a nan Sakkwato. Rana ta fito ya bushe, ƙwayoyin su manne da juna kamar dutse. Da hunturu ba ki da wannan damuwa, ƙura ce kawai. Ki ɗora bokitan kan katako ko benci, tazarar taƙi ɗaya daga ƙasa, tafin hannu daga bango. Ki nisanta su da albasa, daddawa, sabulu da turaren wuta, don sukari na ɗaukar wari. Kada ki sa shi a firij: wuta ta ɗauke ya yi gumi, ta dawo ya daskare.

Kiyashin kansu fa? Hanya suke bi, wadda na gaba ya shafa wa ƙamshi. Ki bi layinsu har inda suke fitowa, ki wanke hanyar da ruwan omo, ki toshe tsagar da siminti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, balle kiyashi. Ƙafafun bencin ki sa kowace cikin gwangwanin madara da ruwa da ɗigon sabulu, ki riƙa canzawa duk kwana uku saboda sauro, ko ki shafa musu basilin zobe guda mai faɗin yatsu biyu. Ki lura kada wani abu ya zama gada, bakin buhu da ya taɓa bango ko tsintsiyar da aka jingina. Kanumfari da ake jefawa cikin sukari yana ɗan korarsu, kuma ƙamshinsa bai ɓata zoɓo ba, amma kada ki dogara da shi. Murfi mai kyau ya fi tulin kanumfari. Allin kiyashin nan da ake zana layi da shi maganin ƙwari ne, garinsa yana tashi, yara kuma suna ɗaukarsa allin makaranta. Ba na kusa da abinci ba ne.

Dabino lamarinsa daban, domin shi ƙwaro yana haihuwa a cikinsa. Sau da yawa da ƙwan ake sayo shi, ko busasshen da ke shigowa daga Nijar ta Illela, ko mai laushi na kwali. A wurin saye ki tsaga biyar ko shida daga tsakiyar tiya, ba na sama ba. Idan kika ga gari mai ruwan ƙasa kamar yashi a kewayen ƙwallo, da ɗan zare kamar yanar gizo, tsutsar malam buɗe littafi ce ta zauna ciki. Baƙin gari kamar gawayi kuwa fumfuna ce, wannan a jefar. Sanyi shi ne maganin da ya fi: a ƙulle a leda biyu a sa a firiza mai daskarar da ruwa, wajen digiri 18 ƙasa da sifili, kwana 4 zuwa 7 a jere. Kalmar "a jere" ita ce matsalar, da yanayin wutarmu. In babu tabbas a gida, masu sana'ar ƙanƙara sun fi ki tsayayyen sanyi. Idan kika fitar, kada ki kwance ledar sai ta daina gumi. Busasshen dabino da aya da zoɓo kuma rana ta ishe su: a shimfiɗa su siriri kan baƙar leda, a rufa fara a sama, a danne gefuna, daga hantsi zuwa azahar. Zafin ciki yana haura digiri 55, ya kashe ƙwaro da tsutsa da ƙwai. Buhun PICS mai leda biyu da ake adana wake da shi yana yi wa aya da gero aiki, ba tare da ko ɗigon magani ba, muddin kayan sun bushe kuma ba a riƙa buɗewa. Masu tara dabino don azumi su fi kula, wata guda a leda mai huda ya isa ƙwai ya zama ƙwaro.

Zuma mai kyau ruwanta bai wuce kashi 18 cikin 100 ba, shi ya sa take shekaru. Amma tana jan danshi daga iska, saman kwalbar da aka bari a buɗe da damina zai tsinke ya fara kumfa da tsami. A rufe ta ƙam, a ɗiba da busasshen cokali, a goge jikin kwalba. In kiyashi sun faɗa, a tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi ta saki, a tace. Daskarewarta ba alamar algus ba ce, ɗabi'arta ce. Abu ɗaya da ya kamata iyaye su sani: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya zuma ba, ko lasawa, saboda ƙwayar wata cuta mai shanye jiki da hanjinsa bai iya yaƙarta ba tukuna, kuma ɗumama zumar ba ya kashe ta.

Mazarƙwaila ita ce mai rauni a cikinsu. Ba a tace ta kamar farin sukari ba, da sauran ruwan rake a jikinta, don haka tana shan laima tun kafin sukari ya fara. Da damina za ki ga tana naso, tana maƙalewa a hannu, daga baya farar fumfuna ta fito da warin tsami. Ki sayi mai tauri wadda ke ƙara in an ƙwanƙwasa, ki naɗe kowane curi daban a leda, ki sa a roba mai murfi, kuma kada ki tara fiye da na wata ɗaya in ruwa ya sauka. Ba a shanya ta a rana don korar kiyashi, narkewa take yi. A karkaɗe, a narkar a tace kamar yadda aka yi wa sukari. Wadda ta yi fumfuna har ciki ko ta yi tsami, ta tafi.

Kayan gara irin su nakiya da alkaki da dubulan da cincin, ka'idarsu ɗaya: su huce sarai kafin a rufe, a ɗiba da busasshen hannu, kada a haɗa mai taushi da mai ƙaras-ƙaras a mazubi guda, don alkaki zai ba cincin danshinsa. Abin da ke kashe su yawanci man suya ne da ke canza wari a zafi, saboda haka ɗaki mafi sanyi da duhu ya fi kanta mai kallon taga. Tuwon madara da gullisuwa, tunda da madara a ciki, kwanakinsu kaɗan ne, a yi na sayarwa kawai.

In za ki sake sayen buhu, ki sa a sauko miki da wanda ba na ƙasan jeri ba, ki danna kusurwoyinsa huɗu ki ji ko sukarin na gudu a ƙarƙashin yatsa, ki duba ɗinkin baki ko na kamfani ne ko an sake shi da hannu, ki sansana. Bokitan kuma su riga buhun isowa gida, a wanke a bushe, don a juye shi a ranar da ya shigo.